A Bar Su Su Ɓata: Wasa da Koyon Aikin Kwamfuta a Tarai

Duk abin da Bahaushe ya kira wasa, to ya gama da shi. In yana son ya nuna maka maganarsa na da nauyi sai ya ce ba da wasa yake ba. In aiki ya yi kyau ya ce an yi aiki ba na wasa ba. In kuwa ya raina abin da kake yi, ya ce wasan yara ne, ya juya ya ba ka baya. Saboda haka na san na ɗauko Dala ba gammo da na ce zan yi rubutu in kare wasa, kuma ba langa ko 'yar carafke ta dandali ba, wasan da za a horar da ƙwararren ma'aikacin kwamfuta da shi, mutumin da gobe za a damƙa masa na'urorin asibiti ko na banki a ce amana ce. Mai karatu dai ya yi haƙuri ya bi ni a sannu.

Ni mutumin Tarai ne, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, maƙwabtan Rano a kudancin Kano. Amma abincina a birni yake. Shekaru masu yawa ke nan ina sana'ar haɗa kwamfutoci da juna: jan waya, saita na'urorin rarraba sadarwa, kula da uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta. Wanda bai san sana'ar ba yana ɗauka aikinmu shi ne zama gaban allo ana danne-danne. Gaskiyar magana ita ce ranar da komai ke tafiya daidai babu mai tunawa da kai, ko gaisuwarka ba a amsawa da kyau. Ranar da abu ya tsaya kuwa, kowa ya san sunanka har da na mahaifinka. Manaja na tsaye a kanka, layi ya kai bakin titi, wayarka na ta ruri, kai kuma kana duban na'urar da jiya lafiya lau ka bar ta. Wannan sa'ar ita ce sana'ar. Saura duk share fage ne.

To, a nan gizo ke saƙar, domin ita wannan sa'ar ce ba a koya mana. Na yi karatun difloma a wata makarantar kwamfuta a birni, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙasar nan, wato bayan 2001. Kwamfutocin makarantar suna jere a wani ɗaki mai labule, kowace an lulluɓe ta da mayafi kamar amarya. Sai ka cire takalmi kafin ka shiga, kuma akwai doka a manne a bango cewa duk wanda ya ɓata zai biya. Mun zana cikin kwamfuta a littafi da biro launi uku, mun haddace sunan kowane sashe da aikinsa, mun ci jarrabawa. Amma har muka gama babu wanda aka miƙa wa sukundireba aka ce buɗe ka gani. Ba na ganin baƙin masu makarantar. Na'urar da tsada take, mai gyara ba ya samuwa da sauƙi, wuta kuma in ta zo da ƙarfi ita kaɗai ta isa ta ƙona rabin ɗakin, balle a ƙara da hannun ɗalibi. Mutumin da ya ci bashi ya sayo kwamfuta goma dole ya yi kaffa-kaffa da su. Sai dai sakamakon shi ne an yaye mu da ilimi a ka da tsoro a hannu.

Yau kwamfuta ta yi araha idan aka kwatanta da wancan lokaci, akwai kuma wuraren karatu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da aka kafa a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga Jami'ar Bayero, ga reshen kwalejin fasaha ta jihar Kano a nan Rano kusa da mu. Gwamnatin tarayya ma a 2023 ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da burin horar da matasa miliyan uku a fannonin fasahar zamani, aka fara da mutum 30,000 a zangon farko. Duk wannan alheri ne. Amma tsoron nan na hannu ban ga ya ragu ba. An taɓa gayyata ta in zauna cikin masu tantance sababbin ma'aikata a wani kamfani, sai na ce a bar tambayoyin baki, a ajiye kwamfuta guda wadda na zare mata wayar sadarwa kaɗan daga baya, yadda in ka duba za ka ga kamar a soke take. Wani saurayi mai kyakkyawan sakamako ya karanto mana hawa bakwai na tsarin sadarwa daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na ce masa ga kwamfuta nan ta ƙi shiga intanet, duba mana, sai ya zauna ya ɗora hannuwa a cinya yana kallon allo. Minti goma bai taɓa komai ba. Hawa na farko a cikin bakwai ɗin da ya karanto shi ne waya. Ya sani sarai, amma ba a taɓa jefa shi cikin halin da zai buƙaci sanin ba.

Abin da ya sa wannan ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na san da me ake biyan kuɗin irin wannan karatu a wajenmu. Buhunan masara ne da na gyaɗa, wani lokaci ɗan bijimin da aka yi shekara ana kiwo. Uba ya sayar ya tura ɗansa birni saboda ya ji an ce kwamfuta ce abincin gobe, kuma ba ƙarya aka yi masa ba: tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kowace cibiyar jarrabawa na neman wanda zai riƙe mata na'urori ɗaruruwa kada su tsaya ana tsakiyar rubutu. Asibitoci, makarantu, ofisoshi, masu kafa kyamarar tsaro, duk suna nema. Yaro ya dawo da satifiket mai tambarin zinare, a liƙa a bango, shekara biyu yana zaune, ƙarshe ya buɗe teburin cajin waya. A ce babu aiki. Aikin kuwa yana nan, mai iya shi ne ya yi ƙaranci.

Tambayar ita ce, ta yaya za ka koya wa mutum abin da zai yi ranar da abu ya lalace, alhali ba za ka iya lalata na gaskiyar don ya koya ba? Ba mu ne muka fara cin karo da wannan tambaya ba. Sojojin Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, tun a 1824 suka karɓi wani wasan yaƙi da ake yi a kan taswira da 'yan gutsattsarin ƙarfe, hafsoshi su kasu gida biyu, alƙali na tsakiya yana yanke hukunci, a ci mutum da yaƙi sau ashirin ba a zubar da jinin kowa ba. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama, wanda matuƙi zai faɗo da shi ƙasa ya tashi ya karkaɗe riga ya sake shiga. Har yau ba a ba matuƙi jirgi cike da fasinja sai ya sha faɗuwa a irin wannan akwati.

Masu sana'armu ma sun bi sahu. A 1996, a taron masana kutse na DEF CON da ake yi a birnin Las Begas na Amurka, aka fara gasar da ake kira ƙwace tuta, wadda aka fi sani da haruffan CTF. Ana kafa kwamfutoci da gangan da ɓaraka a jikinsu, a ɓoye wata 'yar kalma a ciki, ita ce tutar, ƙungiyoyi su yi ta neman hanyar shiga su ɗauko ta, a wani salon kuma kowa na tsare gidansa yana kai wa na wani hari. Jami'ar Carnegie Mellon ta mayar da wannan kyauta ga 'yan makaranta a 2013 da sunan picoCTF, kuma reshenta na Kigali a Ruwanda yana jawo ɗaliban Afirka cikin gasar. Ƙungiyar tsaro ta NATO na da nata babban atisayen a Talin ta ƙasar Istoniya tun 2010. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na kamfanin Netflix. Sun rubuta wata manhaja suka sa mata suna Chaos Monkey, wato biri mai ɓarna, aikinta kawai ta riƙa kashe kwamfutocin kamfanin barkatai a lokacin aiki, don injiniyoyi su saba, su kuma gina tsarin da ba zai durƙushe don mutuwar na'ura ɗaya ba. Ka ji fa, mu muna lulluɓe namu da mayafi, su suna sakar wa nasu biri. A Google kuwa akwai wasan da sababbin injiniyoyi ke yi a zaune, ba tare da taɓa na'ura ba: wani tsohon hannu ya ɗauko labarin matsalar da ta taɓa faruwa da gaske, ya ce wa sabon yaro ƙarfe kaza ne, wayarka ta yi ƙara, ga abin da ka gani, me za ka yi? Duk abin da ya ce zai yi, sai a gaya masa abin da zai biyo baya.

Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mini a rai, domin ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar data. Kuma shi ne ya sa na fara tunanin gida. Duk lokacin da na sami hutu, musamman na Sallah da na ƙarshen shekara, nakan koma Tarai, kuma akwai wasu samari da 'yan mata, ba su kai goma sha biyar ba, waɗanda suka gama sakandare ko difloma suna zaune. Wasu 'ya'yan 'yan'uwa ne, wasu na maƙwabta. Da su muke abin da zan ba da labari.

Wasanmu na farko a ƙasa ake yin sa. Asalinsa na samo shi ne daga aikin wani malamin jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan, Tim Bell, da abokansa Ian Witten da Mike Fellows, waɗanda tun a shekarun 1990 suka tattara hanyoyin koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, suka kira shi CS Unplugged, suka sake shi kyauta. Su da kati mai ɗigo-ɗigo suke yi. Ni kuwa na san garinmu, in aka hango samari sun yi da'ira da kati a hannu, kafin la'asar labari ya kai masallaci cewa wane ya dawo daga birni yana koya wa yara karta. Don haka sai muka haƙa ramuka takwas a jere kamar gurabun dara. Na farko daga dama darajarsa 1, na biye 2, sai 4, 8, 16, 32, 64, na ƙarshe 128. Ramin da ke da ƙwayar gyaɗa a ciki an ƙirga shi, wanda babu komai ba a ƙirga shi ba. Sai in kira lamba, ƙungiya biyu su yi tsere. In na ce 45, wanda ya riga sa gyaɗa a 32 da 8 da 4 da 1 ya ci, kuma ya cinye gyaɗar. Gyaɗar tawa ce, babu wanda ya zuba ko kwabo, kada wani ya ce caca. Bayan sun ɗan gane sai na kira 300. Suka yi ta fama, suka cika duka ramukan, suka tara, 255 ya ba su. Wani ya ce, "Yaya, ai ramin ne bai isa ba." Na ce to ɗauko na'urar intanet ɗin can ka juya bayanta. Ya karanto lambar da ke jiki, irin 192.168.1.1 ɗin nan. Na ce kowane gida cikin huɗun nan rami takwas ne, shi ya sa ba za ka taɓa ganin wanda ya haura 255 ba. A cikinsu akwai wanda ya yi shekara biyu yana haddace wannan doka, ranar ya fara ganin dalilinta.

Na biyu a fili muke yin sa, kuma ya fi hayaniya. Mai aika saƙo na gefe guda, mai karɓa na can ɗaya gefen, sauran na tsakiya a warwatse a matsayin na'urorin da ke miƙa saƙo daga hannu zuwa hannu. Ana rubuta wasiƙa a yanka ta ƙanana, kowace 'yar takarda kalma uku kacal, kuma an hana magana. A ɓoye nakan zaɓi mutum biyu cikin na tsakiya: ɗaya ya riƙa jefa wasu takardun a aljihu, ɗaya ya riƙa jinkirta su. Zagayen farko abin da ya isa wurin mai karɓa shirme ne tsagwaro, aka yi ta dariya. Ban ce musu komai ba, na dai ce su je su yi shawara. Suka dawo da dabarar sa wa kowace takarda lamba. Sai aka gyara jeri, amma aka ga ta 4 da ta 9 babu su. Suka sake shawara, suka ce mai karɓa ya riƙa mayar da 'yar takarda yana cewa na sami kaza. Ɓarawon aljihu ya fara sace ita ma wannan. Nan fa gardama ta kaure, har wata yarinya ta ce mai aikawa ya riƙa ƙirga ashirin a zuciyarsa, in bai ga amsa ba ya sake turawa kawai. Da suka gama na gaya musu cewa abin da suka ƙirƙiro cikin awa ɗaya da rabi shi ne ƙashin bayan tsarin da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa a 1974, wanda ake kira TCP, wanda saƙon da ke wayar kowannensu ke tafiya a kansa har gobe. Ba zan manta da shirun da ya biyo baya ba.

Amma uwa uba shi ne wanda muka sa wa suna ɓata-gyara. Kayanmu tsofaffin kwamfutocin cinya guda biyu ne, da rauta ɗaya, da ƙullin waya, da batirin sola, sai wayata da ke ba mu intanet in sabis ya yarda. Ƙungiya ɗaya ta fita waje, ɗayar ta lalata wani abu, a kira na waje su gano su gyara, ana duba agogo. Doka uku ce. Ba a fasa abin da sai an sa kuɗi za a maye shi. Masu ɓatawa su rubuta abin da suka yi a takarda su ba ni in riƙe. Masu gyara kuma ba sa taɓa komai sai sun faɗa da baki abin da suke zargi da dalilinsu, wani na rubutawa, kuma wannan rubutun ya fi sauri maki. A makon farko, kafin yaro ya danna maɓalli sai ya goge hannu a riga ya waiwayo ya ce, "Yaya, in danna?" In ce ban sani ba, naka ne. Abin da na lura da shi shi ne masu ɓatawa sun fi masu gyara ƙaruwa, domin kafin ka ɓata abu yadda abokin hamayyarka zai sha wahala, dole ka san yadda yake aiki. Da farko waya suke zarewa. Daga baya suka koyi ba kwamfutoci biyu adireshi iri ɗaya, suka koyi sauya jerin launukan siraran wayoyi takwas da ke cikin kan kebul.

Wadda ta fi kowa mugunta a wannan fage ita ce yarinyar nan mai ƙirga ashirin. Wata rana ba ta taɓa waya ba, ba ta taɓa rauta ba, kwanan watan kwamfutar kawai ta mayar baya zuwa 2009. Intanet na nan, alamar sadarwa na nuna lafiya, amma duk shafin da aka buɗe sai ya ƙi, ya fito da gargaɗin tsaro. Dalili kuwa shi ne kowane amintaccen shafi na ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ke ganin tana 2009 kuwa sai ta ɗauka lokacin takardar bai yi ba tukuna. Samari biyar suka yi sama da awa guda, suka canza waya sau uku, suka kashe suka kunna, gumi na zuba, ita kuwa tana gefe ta rufe baki da mayafi. Ƙarshe wani mai shiru-shiru a cikinsu ya kalli kusurwar allo ya ce, "Kai, yau wace shekara ce?" Wannan matsala ba ƙirƙira ba ce, haka take faruwa a ofisoshi in ɗan batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, kuma na ga an ɗauki na'ura lafiyayya an kai kasuwa gyara saboda ita.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Baffana, ƙanin mahaifina, ya tare ni wata yamma a gindin bishiyar da suke dara, ya ce, "Kai yanzu duk karatun da aka kashe maka kuɗi ka yi, haƙa rami ka zo koya wa 'ya'yan mutane? Iyayensu fa aiki suke jira, ba guje-guje ba." Na durƙusa na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Baffa, kai wa ya koya maka dara?" Ya ce babu wanda ya koya masa, cinye shi aka yi ta yi tun yana saurayi har ya daina ciyuwa. Na ce to ai shi ke nan abin da nake yi. Ya yi dariya, ya matsar da ɗansa guda a gurbi, sannan ya ce, "Ka iya magana. Amma ni ban taɓa ganin wanda dara ta ciyar da gidansa ba. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya kawo wa uwarsa albashi, ka zo mu sake zama." Ban ja da shi ba. Na so in tuna masa cewa su da kansu a zamanin kalankuwa sukan naɗa sarkin samari da alƙalinsa da fadawansa, a yi shari'ar wasa a ci tara, kuma 'yan mata da tuwon ƙasa a gwangwani suke fara girki, har aka ce wasa farin girki. Amma sharaɗin da ya kafa daidai ne, kuma shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane irin horo da shi, nawa da na masu satifiket. Zuwa yanzu ɗaya ya sami aikin wucin gadi a wata cibiyar jarrabawa, ɗaya na bin wani mai kafa kyamarori. Baffa ya ce biyu ba su isa a kira taro ba.

Akwai kuma abin da ake sayarwa da sunan wasan ilimi wanda ni ban ɗauke shi wasa ba. A ɗauki tambayoyin hadda ɗin nan dai na zaɓi ɗaya cikin huɗu, a sa musu kiɗa da taurari da jerin gwanaye, a ce an zamanantar da koyarwa. Wannan tsohuwar jarrabawa ce aka shafa wa hoda. Yaro zai tara taurari dubu, ka ajiye masa kwamfuta mai zararriyar waya ya ɗora hannu a cinya. Alamar wasan gaske ita ce ka yanke shawara, shawarar ta haifar da wani abu, ka ga abin da idonka, ka sake gwadawa. Ko gasar ƙwace tuta ma yanzu ta gamu da nata ciwon, domin amsoshin tsofaffin tambayoyi na nan zube a intanet, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da za ka liƙa musu tambaya su warware maka da yawa daga cikin masu sauƙin. Maki ya hau, kai na nan wayam. Shi ya sa na nace a kan faɗa da baki kafin taɓawa.

Wani dattijo kuma ya yi mini tambayar da ta fi ta Baffa nauyi. Ya ce yaran da ba su da aikin yi, ka koya musu yadda ake shiga na'urar wani, me kake zaton zai biyo baya? Ba tambayar banza ba ce a ƙasar da sunan 'yan damfarar intanet ya ɓata mana fasfo. Amsata ita ce maƙerin da ya iya ƙera kwaɗo ya san yadda ake buɗe shi, kuma ba za ka sami mai tsaron da bai san hanyar ɓarawo ba. Amma ban tsaya a nan ba. Kafin kowa ya taɓa irin wannan darasi sai na karanta musu abin da dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanada a kan shiga kwamfutar wani ba da izini ba, cewa laifi ne mai iya kai mutum gidan yari. Ɗan dambe a fage gwani ne, in ya kai wa mutum naushi a kasuwa kuwa ɗan ta'adda ne. Wanda na ga idonsa ya fi karkata ga wayar mutane fiye da na'urar da aka ajiye don gwaji, nakan sallame shi, kuma na taɓa sallamar.

Babbar iyakar wasa dai ita ce kowane wasa akwai amsa a ƙarshensa. Mai gyara ya san wani ne ya ɓata, ya san takardar na aljihuna, ya san kafin magariba za a bayyana. A wurin aiki babu wannan tabbaci. Wataƙila ɓera ne ya ci waya a cikin silin. Wataƙila matsalar ba ta ma cikin ƙasar, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya, ma'aikata irina suka yi ta duba na'urorin da lafiyarsu ƙalau. Ko manyan ma ba su tsira ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida saboda wani umarni da aka bayar ana tsakiyar gyaran yau da kullum. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa atisayen da suka daɗe suna yi na kashe wani sashe da gangan shi ya taimaka musu wajen dawo da abubuwa a hankali ba tare da sun sake rushewa ba, amma kuma ba su taɓa gwada yanayin da dukkan hanyoyinsu za su yanke a lokaci ɗaya ba.

Saboda wannan ne na sauya shiri a hutu mai zuwa. Na sayo wata tsohuwar kwamfutar tebur a hannun masu gwangwan a birni, mai ita ya ce tana kunnuwa ta yi ƙara uku ta mutu, bai san dalili ba. Ban buɗe ta ba, kuma ba zan buɗe ba. Tana nan a bayan ƙofa cikin buhu. Zan ajiye musu ita a tsakiyar tabarma da sukundireba biyu, in gaya musu cewa wannan karon babu takarda a aljihuna.